Ime Udoka

Ime Sunday Udoka (an haife shi ranar 9 ga watan Agusta, 1977) tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ne kuma mai horarwa, haifaffen Amurka, ɗan asalin Najeriya ta wajen uba. Ya yi shekara goma sha biyu yana wasa a matsayin sana'a, daga 2000 zuwa 2012, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa cika shekara uku a jere a ƙungiya ɗaya ba. Ya yi wasa a ƙananan gasannin Amurka, da Ajantina, da Sifaniya, da Faransa, sannan ya yi wa ƙungiyoyi biyar wasa a gasar NBA: Los Angeles Lakers, New York Knicks, Portland Trail Blazers, San Antonio Spurs da Sacramento Kings. Jimillar wasanninsa a NBA 316 ne, inda yakan ci maki 5.2 a kowane wasa idan aka raba. Ya wakilci Najeriya a gasar cin kofin duniya ta 2006, kuma ya ci lambar tagulla sau biyu a gasar Afirka, a 2005 da 2011. Bayan ya yi ritaya ya shiga aikin horarwa, ya kai Boston Celtics wasan ƙarshe na NBA a 2022, kuma a watan Afrilu 2023 aka naɗa shi babban mai horar da Houston Rockets.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Udoka a birnin Portland na jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa mutumin Akwa Ibom ne da ya je Amurka karatu, mahaifiyarsa kuma Ba'amurkiya ce daga jihar Illinois. Ya tashi a Portland, ya yi sakandare a Jefferson High School, makarantar da ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallon kwando. Yayarsa, Mfon Udoka, ita ma 'yar wasa ce, kuma shekaru da dama sunanta ya fi nasa fita.

Manyan jami'o'i ba su neme shi ba lokacin da ya gama sakandare. Sai ya fara da ƙaramar kwaleji mai karatun shekara biyu, College of Eastern Utah, daga 1995 zuwa 1997. Daga nan ya koma Jami'ar San Francisco, inda zamansa bai yi tsawo ba, sannan ya dawo gida ya shiga Jami'ar Portland State. A kakar 1999–2000 ya yi fice a can, har aka saka shi cikin 'yan wasa biyar mafi ƙwazo na rukunin Big Sky. Amma ciwon gwiwa ya same shi tun kafin ya bar jami'a, kuma wannan gwiwar ta ci gaba da ba shi wahala a farkon sana'arsa.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na shekarar 2000 an kira sunaye 58, babu nasa. A wannan zaɓen ne Seattle SuperSonics ta ɗauki Olumide Oyedeji, haifaffen Ibadan, a matsayi na 42. Ɗan wasan da ba a zaɓa ba yana iya zuwa kowace ƙungiya, amma babu wadda ta zuba wani abu a kansa, saboda haka babu wadda za ta yi haƙuri da shi.

Shekarun yawo, 2000 zuwa 2006

Ƙungiyarsa ta farko ita ce Fargo-Moorhead Beez, a ƙaramar gasar IBA da ake yi a garuruwan sanyi na arewacin Amurka, gasar da ta rufe a 2001. Daga nan ya tafi Ajantina ya shiga Independiente. Gwiwa ta sake tsayar da shi, ya dawo Portland yana jinya, har ya yi aikin lodin kaya a kamfanin FedEx kafin ya sami komawa fili. A 2002 ya shiga North Charleston Lowgators a gasar NBDL, wadda NBA ta kafa a 2001 don ta zama wurin ajiye 'yan wasan da ba su sami gurbi a babbar gasa ba. Ita ce aka sauya wa suna zuwa D-League a 2005, sannan G League a 2017. A bazarar 2003 ya yi wa Adirondack Wildcats wasa a gasar USBL, sannan ya koma Lowgators.

Rayuwar ɗan wasa a irin waɗannan gasanni ta fi kama da cin rani. Albashi kaɗan ne, tafiya mafi yawa a bas ake yi, kuma kowa a ƙungiyar yana can ne da fatan barinta. Ƙofar fita kuwa ita ce kwantiragin kwana goma. A dokar NBA, daga farkon watan Janairu ƙungiya na iya ɗaukar ɗan wasa na kwana goma kacal, galibi idan wani nata ya ji ciwo. Tana iya sabunta masa sau ɗaya. Bayan haka ko dai ta riƙe shi zuwa ƙarshen kaka, ko ta sallame shi. Mafi yawanci sallama ake yi.

Ta wannan ƙofar Udoka ya fara shiga NBA a watan Janairu 2004, yana da shekara 26. Kobe Bryant ya ji ciwo a kafaɗa, Lakers ta nemi wanda zai toshe gurbi. Ƙungiya ce ta Shaquille O'Neal da Karl Malone da Gary Payton, Phil Jackson na horar da su, kuma ita ce ta kai wasan ƙarshe a wannan shekarar kafin Detroit Pistons ta doke ta. Udoka ya yi wasa huɗu aka sallame shi, ya koma Charleston.

Sai ya juya zuwa Turai. Ya yi wasa a Gran Canaria a gasar ACB ta Sifaniya, wadda ake ɗauka a matsayin mafi ƙarfi a gasannin ƙasashen Turai, sannan a 2005 ya koma JA Vichy ta Faransa. 'Yan wasa da yawa a nan suke tsayawa, domin kuɗin Turai ya ninka na ƙananan gasannin Amurka. Shi ya zaɓi komawa D-League a kakar 2005–06, inda masu sa ido na NBA suka fi ganin mutum. A Fort Worth Flyers ta jihar Texas yana cin kimanin maki 17 a wasa, aka saka shi cikin 'yan wasa biyar na gasar, aka kuma ba shi kyautar ɗa'a ta Jason Collier. A watan Afrilu 2006 New York Knicks ta kira shi, ya yi wasa takwas a ƙarshen kakar da ƙungiyar ta ci wasa 23 ta sha kashi a 59. Kafin a shiga sabuwar kaka aka sallame shi. Abin da ya ɗauka daga New York shi ne shawarar Isiah Thomas, wanda ya faɗa masa cewa yana da kan mai horarwa; Udoka ya sha ambaton wannan daga baya.

Portland, 2006–07

Yana da shekara 29, da wasa 12 kacal a NBA, lokacin da ƙungiyar garinsu ta gayyace shi sansanin shirin kaka a kaka ta 2006. Gayyatar ma ta zo ne a ƙurarren lokaci, bayan Aaron Miles, wanda shi ma tsohon ɗalibin Jefferson ne, ya kasa tsallake gwajin lafiya. Babu wanda ya yi tsammanin Udoka zai wuce sansanin. Ana tsakiyar wasannin share fage, a watan Oktoba, mahaifinsa ya rasu kwatsam. Ya ci gaba da wasa, kuma kafin a fara kaka mai horarwa Nate McMillan ya riƙe shi, har ya saka shi cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su.

Wannan ce kaka mafi kyau a rayuwarsa ta wasa. Ya buga wasa 75, kuma a dukkansu da shi aka fara. Yana yin fiye da minti 28 a fili cikin minti 48 na wasa, yana cin maki 8.4, kuma kashi 40.6 cikin ɗari na jifansa masu maki uku suna shiga, wanda adadi ne mai kyau ƙwarai. Portland tana tsakiyar sake gini a lokacin: ta ci wasa 32 cikin 82, Zach Randolph ne babban mai cin maki, Brandon Roy ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na shekara, LaMarcus Aldridge shi ma sabon shiga ne. A cikin waɗannan matasa Udoka shi ne babban da aka ɗora wa aikin da ba kowa ke so ba, wato tsare mai cin makin abokan hamayya kowane dare.

Duk da haka Portland ba ta sabunta masa ba. Tana da matasa a gurbinsa, irin su Martell Webster da Travis Outlaw, waɗanda ta zaɓa da kanta kuma take son su girma. Haka lissafin yake a NBA: idan aka haɗa ɗan shekara 30 da ba a zaɓa ba da ɗan shekara 21 da aka kashe zaɓe a kansa, na biyun ake bai wa lokaci, ko da na farkon ya fi shi amfani a ranar.

San Antonio, Sacramento da ƙarshen wasa

A watan Agusta 2007 ya sa hannu da San Antonio Spurs, masu riƙe da kofi a lokacin, kan kwantiragin shekara biyu. Ƙungiyar Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginóbili ce, ƙarƙashin Gregg Popovich. Mai riƙe da gurbinsa shi ne Bruce Bowen, wanda shi ma ba a zaɓe shi ba, ya yi yawo a Faransa da ƙananan gasanni kafin ya zama ɗaya daga cikin masu tsaro mafi tsanani a NBA. Udoka ya zama mataimakinsa daga benci. A kakar 2007–08 ya yi wasa 73, yana cin maki 5.8 cikin kimanin minti 18. Spurs ta fitar da Phoenix Suns, ta fitar da New Orleans Hornets a wasa na bakwai, sannan Lakers ta tsayar da ita da ci 4–1 a wasan ƙarshe na shiyyar yamma. Nan ne mafi nisan da ya kai a matsayin ɗan wasa. A kaka ta biyu lokacinsa ya ragu, ya yi wasa 67, Dallas Mavericks ta fitar da su tun a zagayen farko.

A 2009 ya sake gwada Portland, aka sallame shi kafin a fara kaka. A watan Nuwamba Sacramento Kings ta ɗauke shi, ya yi mata wasa 69. Ƙungiya ce mai rauni, wasa 25 kawai ta ci a kakar, amma a nan ya yi wasan da aka fi tuna shi da shi. Ranar 21 ga Disamba 2009, a Chicago, Bulls na gaba da tazarar maki 35 a zango na uku, Kings ta farfaɗo ta ci 102–98, ɗaya daga cikin farfaɗowa mafi girma a tarihin gasar. Udoka ya ci maki 17, kusan dukkansu a zango na huɗu.

Ya koma Spurs a watan Nuwamba 2010, ya yi wasa 20, aka sallame shi ranar 5 ga Janairu 2011. Ranar ba ta zo da mamaki ba ga wanda ya san dokar: kwantiragin da ba a lamunce ba yakan zama lamuntacce zuwa ƙarshen kaka idan ɗan wasa ya kai 10 ga Janairu yana ƙungiya, don haka makon farko na Janairu shi ne lokacin da ake yawan sallamar irinsu. Kakar 2011–12 ta makara saboda rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, ba a fara ba sai 25 ga Disamba. New Jersey Nets ta gwada shi a sansaninta, ta sallame shi kafin wasan farko. A watan Janairu 2012 ya koma Sifaniya ya shiga UCAM Murcia, wadda ke fafutukar kada ta faɗa rukuni na biyu. Ta tsira a ranar ƙarshe ta kaka, da nasara a kan Estudiantes a Madrid. Da wannan ya rufe wasa yana da shekara 34.

Salon wasansa

Tsayinsa kimanin mita 1.96 ne, nauyinsa kusan kilo 98, kuma yakan yi wasa a gefe, tsakanin masu sarrafa ƙwallo da dogayen da ke ƙarƙashin kwando. A ƙananan gasanni da tawagar Najeriya shi ne mai riƙe ƙwallo da cin maki. A NBA ba a buƙaci wannan daga gare shi ba, domin kowace ƙungiya tana da taurari biyu ko uku da aka gina wasa a kansu. Abin da ake nema wurin sauran shi ne su yi abu ɗaya ko biyu ba tare da kuskure ba.

Nasa biyun su ne tsaro da jifa daga kusurwa. Layin maki uku a NBA yana da nisan mita 7.24 daga kwando ta gaba, amma a kusurwa mita 6.71 ne kawai. Idan Parker ko Ginóbili ya kutsa ciki, masu tsaro suka taru a kansa, sai ya miƙa wa wanda ke tsaye a kusurwa ba kowa a kansa. Mutumin kusurwar zai iya yin minti shida bai taɓa ƙwallo ba, amma idan ta zo dole ya jefa nan take. Idan ya riƙa zubarwa, abokan hamayya za su daina tsare shi su koma kan taurari, sai wasan ƙungiyar duka ya cushe. A tsawon zamansa a NBA kimanin kashi 36 cikin ɗari na irin wannan jifa nasa sun shiga. A shekarun da adadin ya yi sama, kamar a Portland, ya sami lokaci. Da ya fara sauka, lokacin ya ragu.

A tsaro kuwa ba gudu ko tsalle ya dogara da su ba, musamman bayan ciwon gwiwa. Ƙarfin jiki ne da sanin inda abokin karawa ke son zuwa. Alƙaluman da ake bugawa bayan wasa ba sa nuna irin wannan aiki sosai, shi ya sa maki 5.2 ba su isa a auna shi da su ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne cewa ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowacce da gurbi 15, kuma kowace shekara sababbin matasa 60 na shigowa ta zaɓe. Mutumin da ya fara samun gindin zama yana da shekara 29 ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan gurabe har kaka biyar a jere.

Tawagar Najeriya

A tawagar ƙasa, wadda ake kira D'Tigers, matsayinsa ya sha bamban. A gasar Afirka ta 2005 a birnin Aljiyas, Angola ta ɗauki kofi, Senegal ta zo ta biyu. Ƙasashe uku ne za su je gasar duniya, don haka wasan neman na uku tsakanin Najeriya da mai masaukin baƙi Aljeriya ya zama na tikiti. Najeriya ta ci, wasan ya ƙare da hatsaniya a fili, kuma abokin wasansa Gabe Muoneke ya rubuta labarin daren daga baya, inda ya nuna Udoka a matsayin wanda bai ja da baya ba.

A gasar duniya ta 2006 a Japan, ƙarƙashin mai horarwa Sam Vincent, Najeriya ta faɗa rukunin birnin Sendai tare da Ajantina, Faransa, Sabiya da Montenegro, Labanan da Venezuela. A wasan farko ta doke Sabiya da Montenegro da ci 82–75. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasar ce ta ɗauki kofin duniya na 2002 da sunan Yugoslabiya. Najeriya ta sha kashi a wasa uku da suka biyo baya, ta doke Labanan, ta haye zagayen 'yan 16. A can ta haɗu da Jamus ta Dirk Nowitzki, ta faɗi da maki ɗaya tak, 78–77. Udoka ne ya fi kowa cin maki da miƙa ƙwallon da aka ci a tawagar. Makonni kaɗan bayan wannan gasa Knicks ta sallame shi, Portland ta kira shi.

Ya dawo tawagar a gasar Afirka ta 2011 a Antananarivo, babban birnin Madagaska. Tunisiya ta ɗauki kofi karon farko, Angola ta biyu, Najeriya ta doke Kodebuwa ta zo ta uku, aka saka Udoka cikin 'yan wasa biyar na gasar. Wannan matsayi na uku ne ya ba Najeriya damar shiga gasar neman gurbi a Karakas a 2012, inda tawagar maza ta sami tikitin Olamfik karon farko a tarihinta. Ba ya cikin waɗanda suka je Landan.

A ɓangaren mata, yayarsa Mfon ta riga shi. Ta yi wasa a WNBA da Detroit Shock, Houston Comets da Los Angeles Sparks, ta jagoranci Najeriya zuwa kofin Afirka a 2003 da 2005, kuma tana cikin tawagar da ta doke Koriya ta Kudu 68–64 a Olamfik na Atina a 2004, nasarar farko da wata tawagar mata ta Afirka ta samu a ƙwallon kwandon Olamfik.

Aikin horarwa

Tun yana wasa yakan horar da wata ƙungiyar matasa a Portland a lokacin hutu. A watan Agusta 2012 Popovich ya ɗauke shi mataimaki a Spurs, duk da yana iya ci gaba da wasa a Turai. Ya yi shekara bakwai a wurin, fiye da ninki uku na zamansa mafi tsawo a kowace ƙungiya lokacin yana ɗan wasa. Spurs ta faɗi a wasan ƙarshe na 2013 a hannun Miami Heat da ci 4–3, ta rama a 2014 da ci 4–1. Kofin da bai samu yana wasa ba, ya same shi a benci. A 2015 ya taka rawa wajen shawo kan LaMarcus Aldridge, tsohon abokin wasansa a Portland, ya koma San Antonio. Daga nan ya yi kaka ɗaya a Philadelphia 76ers, 2019–20, da ɗaya a Brooklyn Nets, 2020–21.

A watan Yuni 2021 Boston Celtics ta naɗa shi babban mai horarwa a madadin Brad Stevens, wanda ya koma shugabancin sashen wasa na ƙungiyar. Cikin mataimakan da ya ɗauka akwai Damon Stoudamire, ɗan Portland, da Aaron Miles, mutumin da rashin lafiyarsa ta buɗe masa ƙofa a 2006. Farkon kakar bai yi kyau ba: a farkon Janairu 2022 Boston ta ci 18 ta faɗi 21, kuma ana sukar yadda yake fitowa fili ya soki 'yan wasansa. Daga nan ƙungiyar ta juya, ta gama da nasara 51 da faɗuwa 31, tana cikin mafi ƙarfin tsaro a gasar. Ta share Brooklyn 4–0, ta fitar da masu riƙe da kofi Milwaukee Bucks 4–3, ta fitar da Miami 4–3, sannan Golden State Warriors ta doke ta 4–2 a wasan ƙarshe.

Ranar 22 ga Satumba 2022 Celtics ta dakatar da shi na tsawon kaka guda saboda saɓa dokokin ƙungiya, bayan bincike kan wata alaƙa tsakaninsa da wata ma'aikaciyar ƙungiyar. Ya fitar da sanarwar neman afuwa, ya karɓi hukuncin. Mataimakinsa Joe Mazzulla ya riƙe aikin, aka tabbatar masa da shi a watan Fabrairu 2023, wanda ya kawo ƙarshen zaman Udoka a Boston bayan kaka ɗaya.

Houston Rockets ta ɗauke shi a watan Afrilu 2023, bayan kakar da ta ci wasa 22 kacal. A shekararsa ta farko ta ci 41 ta faɗi 41. A ta biyu ta ci 52, ta zo ta biyu a shiyyar yamma, kafin Golden State ta fitar da ita a wasa na bakwai na zagayen farko. Ƙungiyoyin da ya horar sun ɗauki kamanninsa na lokacin wasa: tsaro mai tsanani, jiki da jiki, da rashin sassauci ga tauraron da ya ƙi komawa baya ya yi tsaro.

Ba shi kaɗai ba ne ɗan Najeriya da yawon wasa ya zame wa makaranta. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma a can ya fara ƙwallon kwando, ya yi shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, bai taɓa buga NBA ba, ya fara da neman 'yan wasa wa Orlando Magic ba albashi, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofi a 2019.

Iyali

Udoka ya daɗe tare da 'yar fim ɗin Amurka Nia Long, kuma sun sami ɗa namiji a 2011, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Sun rabu a ƙarshen 2022, bayan dakatarwar da aka yi masa a Boston.